Dogon Fulogi a Garejin Oga

Kuɗin motata zuwa Ikko daga kwandon bandar Inna suka fito. Ku matso, ku da kuke yi mini naci sai na kai ku birni. Lokacin ba a daɗe da yanke jiharmu daga Sakkwato ba, na gama karatun injiniya, na yi ta zarya Birnin Kebbi da takarduna har takalmina ya buɗe baki. Sai na ce bari in je in koyi manyan injuna da hannu, in dawo in kafa gareji nan bakin ruwan Yelwa: gefe guda babura, gefe guda injinan jiragen ruwa. Har rumfar shayi na tsara a kaina.

Ikko kuwa! Motarsu ta haya, wai ita moluwe, ba ta tsayawa, sai dai ka faɗo kamar buhun albasa. Matar da na kama ɗaki a gidanta suna ce mata landiledi, ni dai Mama nake cewa, kada harshena ya karye.

"Aboki, ka ƙarar mini da ruwa!"

"Mama, alwala ce."

"Sau nawa mutum zai wanke ƙafa a yini?"

Ni da na tashi a bakin Kainji, wai ni ake auna wa ruwa da kofi.

Da ƙyar wani maigadi mutumin Warra ya roƙar mini gurbi a garejin wani da kowa ke kira Oga. Gurbin nan shi ke nan abin da na mallaka a garin, in ya kuɓuce sai gida. Dokar wurin kuwa: in sifana na hannun Oga, ɗan koyo ba ya magana.

Wata rana wani ya kawo babur na doguwar tafiya, ƙato kamar bijimi, da akwatuna a kwiɓinsa, wai Agadas za shi. Fulogi kawai yake so a sauya. Oga ya kwance tsoho, ya aika aka sayo sabo. Ina karɓa na ga sabon ya fi tsohon tsawo. In fulogi ya yi tsawo leƙawa yake cikin inji, fistin ya taso ya doke shi.

Na jera su biyu a kan benci don Oga ya gani. Ya ɗauki sabon, bai duba ba. Na yi tari. Na sake tari. Na duƙa kamar mai neman noti, na ce a hankali, "Oga, ya yi tsawo."

"Takardarka ce ke riƙe da sifana ko ni?"

Ina kallo ya ɗaure shi tamau. Aka tayar. Ƙwas! Sai tsit. Mai babur ya dafe kai. Oga ko gezau, ya nuna ni: "Wannan ne ya miƙo mini."

Ashe haka ake yi. Laifin Oga na ɗan koyo ne. Ka kwanta rub da ciki, goshi a ƙasa, gaban mai kaya, a zazzage ka tas, ya huce, gobe ka dawo aiki kamar ba a yi ba. Sauran 'yan garejin sai ƙifta mini ido suke: kwanta mana! Laifin kam na yarda in ɗauka. Na cire hula, na durƙusa yadda muke gaida manya, na ce a yi haƙuri.

"Ƙasa!" in ji Oga.

Na dubi ƙasar nan mai baƙin mai. Ni tun da na yi wayo Mahaliccina kaɗai nake kai wa goshi ƙasa. Na so in yi bayani, Turancin da na ci jarrabawa da shi duk ya gudu. Gwiwa ta yarda, wuya ya ƙi.

"Tashi ka bar mini gareji."

A bayan motar shanu da ta sauke kaya na dawo. Na iske Inna a tsakar gida tana gyaran shinkafa.

"Mi ka samo muna?"

Na kwashe duka na faɗa mata. Tana gyaran shinkafarta ta ce, "Babur ɗin fa, ya tashi?"

"Ban sani ba, Inna."

"Allah sarki, bawan Allah. Ga Agadas da nisa."

Ta turo mini faifai, ta ce in taya ta tsintar tsakuwa.