Ta Manta Fuskata

A bencin jira na asibiti, wata mata ta ƙanƙame ledar ruwa, an shige da 'yarta wajen likita.

"Baiwar Allah, mene ne wannan?" in ji wani tsoho da ke gefenta.

"Ruwan wankin ƙodar 'yata ne, Baba. A gida nake zura mata shi a ciki. Kullum garau yake fitowa, yau ya fito dishi-dishi."

"Kina wanke hannu kuwa?"

"Har fata ta tsage. Taga rufe, fanka kashe, takunkumi a fuskata, ba mai leƙo mu."

"To ta ina cuta ta shiga?"

Ta sunkuyar da kai. "Jiya ina canja mata ruwan, ta ce ta manta fuskata. Sai na ɗan sauke takunkumi."

Sai ga wata nas ta fito. "Wa ke canja wa yarinyar nan ruwa?"

Matar ta waiga hagu, ta waiga dama, sannan ta miƙe.