Ranar da Munka Gasa Hannuna a Ikko

Shekarar da anka ba mu jihar Kebbi, nis sai da tunkiya kasuwar Jega, niy yi kuɗɗin mota, nib bi lodin albasa har Ikko. Dako nika yi. Buhu biyu ga kai, ina tahiya ina cin goro. To, ɗaya da rabi. Kai jikana ɗan Larai, bar dariya, rufa muna baki.

Wata sahiya ƙyauren tirela yaf faɗo min ga hannun dama, tahin hannu yad dare. Nic ce a bar ni, mu mutanen Aliero ƙashi aka ɗora muna ko ƙyafta ido ba mu yi. Ogan lodi yac ce, "Mala, hosibitu!" Ƙaton banza, ko asibiti bai iya faɗi ba.

Likita yas soka min allura ga hammata. Kahin in gama salati hannu ya mace. Shina ɗinki ina kallo, awa buhun wani aka ɗinkewa. Wata nas, 'yar unguwar Sabo mai jin Hausa, tac ce, "Baba, sai yamma za shi farka. Kar a sa mai zahi, ba ka ji." Nic ce to. Ɗiyar jiya za ta koya min hannuna!

Nik komo kasuwa, abu na lilo awa hanjin rago. Mamman Ɗan Kimba, abokin tabarmata, yad ɗaga shi yas saki, yaf faɗi tim.

"Wayyo, Sarkin Dako, sun shanye ka! Haka anka yi ma ɗan ƙanena can garin Andarai. Allura guda ga ɗuwawu, har yau jan ƙafa shikai."

Ɗan dako babu hannu, mi za shi ci?

"Gashi za mu yi mai awa na targaɗe," in ji Mamman. "Jijiya ta kwana, wuta ka tashe ta."

Yak kamfato ruwa ga tukunyar mai shayi, yat tsoma tsumma, yad danna min ga damtse.

"Ka ji?"

"Ban ji ba. Ƙara!"

Mai shayi yac ce, "Ruwan ga fa ko kaza shina figewa."

'Yan dako sunka taru, "Namiji! Aliero ba wasa!" Ni ko shashasha ina hura hanci, ina cewa a ƙaro itace.

Ana sallame la'asar hannu yaf farka. Yara, ihun da niy yi, Yarbawa sunka zubar da tumatur sunka watse. Yatsu na motsi lahiya lau, amma fata ta bi tsumma.

Anka maishe ni asibiti. Nas tad dube ni tac ce, "Baba, wa yad dafa ka?" Nib bi ƙasa da ido.

Kahin damina nik komo gida, hannu naɗe awa ƙunshin amarya, ko zane ban sawo ba. Nic ce ma kakarku gobara nik kutsa, nif fiddo mutum ukku. Ga ta can ɗaki, har yau haka tas sani. Wanda duk yak kai mata wanga zance, ba ni ba shi.