Shekara Huɗu a Kan Tsutsar Tumaki

"Ban ce kin yi zaman banza ba, 'yata."

"Ka faɗa, Baba! Cewa ka yi na ƙare ƙuruciyata wajen leƙen kashin tumaki."

A ɗakin jiran jirgin ruwa na garin Bodø ne. Wani tsoho makiyayi, da wata mai bincike rungume da takardu. Ba su san juna ba. Ni ina bayansu.

"To, shekara huɗun me kika gano?"

"Na gano ciyawar teku ba ta kashe tsutsar cikin tumaki. Ko kaɗan."

"Ai kin gano abu."

"Je ka gaya wa kwamitin jami'a, gobe za su zauna a kaina. Abin da suke dubawa, takarda nawa ka buga, masana nawa suka ambace ka. Mujallu kuwa ba sa son a ce magani bai yi ba. Uku sun dawo mini da aikin. In ba a buga ba, sallamata za a yi."

Tsohon ya zuba mata kofi daga filas ɗinsa.

"Shekara tara ina shiga ruwan sanyin nan ina ɗebo wa tumakina ciyawar don maganin tsutsa. Gwiwoyina sun gama aiki."

"Ayya, Baba! Ka daina."

"Na daina daga yau. Ki rubuta musu cewa tsoho ɗaya ya ambace ki."

Ta yi dariya tana share ido. "Ba sa ƙirga tsofaffi."

"Ni dai na yi sa'a benci ya haɗa mu. Sauran makiyayan gaɓar tekun nan fa, wa zai gaya musu?"