Mijina Ya Ƙi Miƙo Mini Ruwa

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ku amsa da ƙarfi mana, na daɗe ban ji muryarku daga nan gaba ba! Yauwa.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Talatu. Amma a unguwarmu Ayigya Zango in ka ce Talatu ba wanda zai gane, sai ka ce Maman Ladi mai waakye, wato shinkafa da wake. Dattijon can mai farar riga da ke sunkuyar da kai, shi ne maigidana, Baban Ladi, tsohon direban motar haya, trotro, a tashar Kejetia. Ya roƙe ni kada in sa shi cikin shaidar nan. Ya yi haƙuri, ba ta faɗuwa ba tare da shi ba.

Na daɗe da ciwon suga da hawan jini. Wata safiya ina zuba wa wani ɗalibi waakye, sai cokalin ya suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, hannun dama ya ƙi. Na buɗe baki in kira 'yata Ladi, maganar ta fito a karkace. Ban sake sanin inda nake ba sai a gadon asibiti a Bantama, ɓarin jikina na dama ya shanye.

Allah ya tsare raina. Da aka sallame ni, aka ce in riƙa komawa wurin masu motsa jiki, waɗanda ake ce wa fisiyo. Mun je sau ɗaya. Suka lanƙwasa mini ƙafa, na kurma ihu, Baban Ladi ya kusa dambe da su. A hanya ya ce, "Ba za mu koma ba koraa, sam-sam. Matata ba tayar mota ba ce."

Kun san halinmu a zango, mara lafiya sarki ne. Gidan haya muke, mu kaɗai ne Kirista a ciki, amma ban ga bambanci ba. Hajiya Mariya, wadda ɗakinta ke kallon namu, ita ke yi mini wanka in Ladi tana wurin sana'a. Masu dubiya ba sa yankewa, wannan da koko mai suga, wancan da burodi da lemo. In na ɗan motsa, sai a taso mini a ce, "Kwanta, kwanta! Me kike so?" Baban Ladi kuwa ko ƙuda bai yarda ya sauka a kaina ba. Shi ke ɗaga ni, shi ke ba ni abinci a baki, kofin ruwa ma shi ke riƙewa.

Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi. Shekara da shekaru ina yi wa mutane hidima, yau ga ni ana lallashina.

Amma jiki magayi. Watanni suka wuce, ƙafar ta rame, yatsun hannuna suka dunƙule, suga ya hau, ga gyambo ya fara fitowa a ƙuguna saboda kwanciya. Ƙafar hagu mai lafiya ma ta fara rawa. Tsoro ya kama ni. Na ce shi ke nan, ni da tafiya sai a lahira.

Ranar ganin likita, ya sake tura mu wurin fisiyo. Muka tarar da wata 'yar Asante, Sista Akosua. Ba ta da jiki, amma bakinta ba ya tsoron kowa. Ta duba ni, sannan ta juya ga maigidana da Hausarta ta kasuwa.

"Papa, wa ke ba Maame ruwa?"

"Ni."

"Wa ke ɗaga shi?"

"Ni," in ji shi, har da buga ƙirji.

"To Papa, mepacho, ka yi haƙuri. Ciwon ya ci rabi, kai kana cin sauran. In ka ci gaba haka, Maame ba zai sake tafiya ba."

Jikin bawan Allahn nan ya yi sanyi. Ta nuna mini yadda zan tashi in zauna daga bakin gado, yadda zan matsa soso da yatsu, yadda zan dafa bango in ja ƙafa. Shi kuma ta ba shi aiki ɗaya: ya tsaya dab da ni ta gefen dama, amma kada ya taɓa ni sai in zan faɗi. "Kakra-kakra," ta ce, wato kaɗan-kaɗan, kuma mu riƙa dawowa.

Da muka isa gida ya rufe ƙofa, ya durƙusa a gaban gado. Ni na fara addu'a. Na ce, "Yesu, na gaji da kwanciya. Ka ba ni ƙafata, ko da ja ne in ja ta zuwa gidanka." Sai shi, mutumin da addu'arsa ba ta wuce ta cin abinci, ya ce, "Ubangiji, ka san ba na iya ganin matar nan tana wahala. In hannuna ne ke cutar ta, ka riƙe mini shi."

Allah ya ji! Amma yadda ya amsa bai yi mini daɗi ba.

Washegari na ce ina jin ƙishirwa. Ya zuba ruwa, ya ajiye kofin a kan tebur can bakin ƙofa, ya dawo ya tsaya a damata, hannuwansa a baya. "Ga shi can," ya ce.

Abin da na faɗa masa ba na coci ba ne. Na ce ya gaji da ni, ya je ya nemi mai ƙafa biyu. Ya tsaya inda yake. Ƙishirwa ta fi ƙarfin fushi, na yunƙura na koma, na sake yunƙurawa, na kama kan gado, na kama bango. Da na isa, rabin ruwan a zanena ya ƙare. Amma na sha, da hannuna! Na waiwayo, hawaye har cikin gemunsa.

Wahalar gaske a tsakar gida take. Ranar da Hajiya Mariya ta gan ni ina jan ƙafa a jikin bango, gumi na zuba, shi yana bina bai taɓa ni ba, ta yar da bokitinta. "Innalillahi! Baban Ladi, sakayyar da za ka yi mata ke nan?" Ta rugo za ta riƙe ni, ya tare ta, ya ce, "Hajiya, don Allah kada ki taɓa ta." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, nan da nan matan gida suka yi masa caa.

Magana ta zagaya unguwa cewa Baban Ladi ya gaji da jinya, yana azabtar da matarsa. Ya yi bayani, wa zai saurara? A zango wa ya taɓa jin ana warkar da mara lafiya da wahala? Abokan hirarsa suka daina matsa masa wuri a benci. Har wurin Fasto an kai ƙararsa, ga Faston nan yana dariya. Mutumin nan ya rame ya fi ni, amma kowace safiya yana nan a damata.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata rana na saki bango, na ratsa tsakar gida ni kaɗai, na tsaya a ƙofar Hajiya na yi sallama. Ta ɗaga labule, ta dube ni, ta duba bayana ba ta ga mai riƙe da ni ba, sai ta rungume ni tana kuka. Daga nan ta wuce wurinsa ta ce, "Baban Ladi, ka yafe mini, na ci namanka." Ita ma tana da suga. Yanzu in ta idar da sallar asuba tare muke tattaki zuwa bakin titi, ita da tasbaharta, ni da waƙata.

Ban gama warkewa ba. Hannun bai riƙe cokalin waakye sosai ba tukuna, kuma ina ɗingishi. Ina shan maganina, ina zuwa wurin Sista Akosua, kokona ba suga. Amma gyambon ya rufe, suga ya kwanta, kuma yau daga gida har cocin nan da ƙafata na zo. Halleluya!

'Yan'uwa, ku dogara ga Yesu, ba ya yar da nasa. Mai mara lafiya a gida, ka yi addu'a, ka kai shi inda aka ce ka kai shi, in an ce ya motsa ka bar shi ya motsa, ko da duk unguwa za ta zage ka. Na gode wa Ubangiji da ya tashe ni. Na gode masa da ya ba ni mijin da ya yarda a kira shi mugu domin in yi tafiya.

Baban Ladi, matakalar nan zan iya sauka da kaina, ka sani. Amma taso ka ba ni hannunka, yau ni nake so.

Ku taya ni ɗaukaka sunan Yesu. Amin!