Kunun Hajiya Asabe

Aikin farko yau: ban ruwan albasa. Na gama, na zauna rubuta wa gidan rediyo wasiƙa.

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ne Habu daga wajen Watari.

Bara da taki ya gagare mu, na bi motar albasa zuwa Kumasi. Can ciwon hanji ya kayar da ni. Likita ya ce sai tiyata washegari, kada in sa komai a baki, in ba haka ba raina na cikin haɗari. Ban san kowa ba.

Da safe sai ga wata tsohuwa daga zango, unguwar Hausawa, Hajiya Asabe, da kwanon kunun tsamiya. Ta ji an kwantar da Bakano. Malam, yaya zan mayar da kunun dubiya? Kunya ta sa na kurɓa sau uku.

Likita ya yi ta faɗa, aka ɗaga aikin zuwa la'asar. Hajiya ta ce, "Kai ɗan nan, albasa ce a kanka? Ba ka da baki?" Ta dasa kujera a ƙofa, duk mai kwano ta kore shi.

Alhamdu lillahi, an yi lafiya. Ranar da aka ba ni izinin ci, kununta na fara sha, tana tsokanata: "Sha, mai kunya!"

Masu sauraro, wace magana majinyaci zai faɗa bai ɓata ran mai dubiya ba? Har yau ban samo ta ba. A gaishe min da Hajiya.

Saura gobe:
Gyaran kwarin ruwa.
Zuwa asibiti a duba wurin tiyatar.
Aika wa Hajiya tsamiya.