Addu'ar Baba a Layin Nijar

Malam Yohanna: Alo? Wa ke magana?

Hannatu: Baba, ni ce Hannatu. Ina wuni?

Malam Yohanna: Hannatu? Wagga lamba ba taki ba ce.

Hannatu: Wayar Inna Halimat ce, maƙwabciyata. Layin Nijar ne, shi kaɗai ke kamawa nan, shi ma sai na hau turmi jikin katanga. Ina gajiya?

Malam Yohanna: Babu gajiya. Yaya aikin asibiti?

Hannatu: Da godiya. Yaya mutanen Isa? Yaya ƙahwar Mama?

Malam Yohanna: Da sauƙi, har ta tahi taron zumuntar mata. Yaya ruwa wajenku?

Hannatu: Mun samu. Gero ya hi mutum tsawo.

Malam Yohanna: Madalla. Amma ban ji kukan yara ba kamar kullum. Yau ba ranar awo ba ce?

Hannatu: Babu kowa, Baba. Sun watse.

Malam Yohanna: Sun mi?

Hannatu: Sun watse. Masu noma sunka sheƙo da hantsi, sunka ce sun ga babura ƙetaren gulbi, kowane da mutum uku bisa.

Malam Yohanna: To kina ina yanzu? Kin isa Gatawa?

Hannatu: Kalilu direba ya kwashi mata da tsohi ya yi Gatawa da su. Sauran sun bi gona da ƙahwa.

Malam Yohanna: Ba wannan na tambaye ki ba. Kina cikin motar?

Hannatu: A'a.

Malam Yohanna: Hannatu.

Hannatu: Baba, Rahmatu ɗiyar Inna Halimat na naƙuda.

Malam Yohanna: Na mi? Kuka?

Hannatu: Naƙuda, Baba, haihuwa. Cikin hwari ne, kuma tana zubar da jini. Motar ta cika har bisa rufi, babu wurin kwantar da ita. Mijinta na Maraɗi wajen kasuwa. In na tahi, wa za ya tsaya mata?

Malam Yohanna: Uwarta na nan. Mata nawa sunka haihu a ƙauyen ga kahin a turo ki?

Hannatu: Da yawa, kuma na ga kaburburan wasunsu.

Malam Yohanna: Saurara mini. Ki sauka daga turmin nan, ki shiga gero, ki miƙe yamma. Kin san abin da 'yan bindigar ga ke yi wa ma'aikatan lahiya. Ɗauke ku suke su kai daji ku yi musu jinya, kuma in sunka ji sunan ubanki...

Hannatu: Na sani.

Malam Yohanna: Mi za ni ce wa uwarki in ta dawo?

Hannatu: Ban kira don ka ba ni hanya ba, Baba, na san hanyar. Na kasa sa mata allurar ƙarin ruwa. Na buɗe baki in yi addu'a, ba abin da ya hito. Shi ya sa na ce bari in ji muryarka. Ka yi mini.

Malam Yohanna: Ina ce miki ki gudu, kina ce mini in yi addu'a.

Hannatu: I. Kuma da sauri, Inna na kirana. Tsaya... Ina zuwa, Inna! Ki riƙe mata kai, ki sa ta kwanta ta hagu!

Malam Yohanna: Alo? Alo, Hannatu?

Hannatu: Ina ji. Baba, akwai ƙarar inji.

Malam Yohanna: Mota ko babura?

Hannatu: Ban iya rabewa, iska na kaɗa gero. Za ni aje wayar bisa katanga in koma ciki. Kada ka kashe. Ka yi da ƙarhi, ƙohwar ɗakin a buɗe take.

Malam Yohanna: Ki tsaya tukuna, ki... Hannatu? To. To, shi ke nan. Ya Uba, ga ni. Ban shirya magana ba, kuma raina a ɓace yake, Ka gani. Ɗiyata ce Ka ba ni, ga ta can inda hannuna bai kai. Naka ya kai. Ka tsaya bakin ƙauyen nan. Mutanen da sunka ɗauko bindiga sunka baro daji don su zubar da jinin wanda bai yi musu komi ba, Ka rikita musu hanya. Ka sa gulbi ya cika ya hana su ƙetarewa. In sun ƙetare, Ka sa su wuce gidan nan kamar kango ne. Ka tuna da waɗanda ke cikin gero yanzu da goyo a baya, Ka rufe bakin jarirai har su yi nisa. Ka tsai da jinin yarinyar nan Rahmatu. Ka riƙe uwarta. Ka kama hannun Hannatu allurar ta shiga. Su kuwa mugayen, Ka ce mu roƙa musu, kuma yau bakina ya yi nauyi. Ka san iyayen da sunka haihe su. Ka karya abin da ke hannunsu, Ka juya zuciyar wanda za ta juyu. Ni iyakar abin da na iya ke nan. Ya Yesu, kada Ka bari in... Wane ne nan? Wa ya ɗauki wayar?

Hannatu: Ni ce, Baba.

Malam Yohanna: Wace ƙara ce wannan kusa da ke?

Hannatu: Kalilu ne. Ya sauke mutane Gatawa ya juyo, shi kaɗai. Ya ce uwarshi ta rantse ba ta sake yi mishi magana in ya bar mu.

Malam Yohanna: Allah Ya yi wa wannan tsohuwa albarka. Allurar hwa?

Hannatu: Ta shiga. Muna jin muryarka daga ciki, Inna Halimat na ta amsawa. Yanzu za mu ɗauko Rahmatu da katihwarta, sai Sabon Birni.

Malam Yohanna: To mun gode wa Ubangiji. Bari in rufe. A cikin sunan...

Hannatu: A'a, Baba, dakata. Kalilu ya ce ya hango ƙura wajen mashigin gulbi, kuma hanyarmu ta nan ta bi kahin ta karkata.

Malam Yohanna: Babu wata hanya?

Hannatu: Ruwa ya cinye ta. Ina zuwa, Kalilu, kama can gehen! Baba, in mun motsa daga katangar ga layi ya tahi.

Malam Yohanna: Hannatu, ki zauna ƙasa cikin motar, kada ki...

Hannatu: Na ji. Ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kada ka ce amin sai na kira ka daga Sabon Birni.

Malam Yohanna: Ba ni cewa. Alo? Hannatu?