Dunƙulen Shinkafa Kafin Hawa Sikeli

A ɗakin jiran awon ciki a garin Morioka, wata dattijuwa ta zuba wa mai cikin da ke gefenta ido, ganin tana ta cire rigar sanyi da agogo.

"'Yar nan, a wannan sanyin? Agogon ma nauyi gare shi?"

"Mama, sikelin nan ba ya ɗaga ƙafa. Wancan watan kilo biyu na ƙara, malamar asibiti ta ja min layi da jan biro a littafin awo, a gaban mijina."

"Kin karya kuwa?"

"Rabona da abinci tun jiya da rana. In an auna ni na ci."

"Wata nawa?"

"Bakwai. Uwar mijina kullum maganarta ɗaya ce: ki haife shi ƙarami, ya yi girmansa a waje."

"Haka tawa ta ce min, na kuwa bi. Kilo biyar kacal na ƙara, har yabo na sha. Na haifo yarinya kamar ɗan tsako, sati uku tana kwalba ina leƙenta ta gilashi." Ta zaro dunƙulen shinkafa daga jaka. "Ungo."

"Yanzu fa za a kira ni."

"Ci abinki. Jan biro bai taɓa kashe kowa ba."

"To ke wa kika kawo wa?"

Dattijuwar ta nuna ƙofar ɗakin awo da haɓa.

"Waccan ta kwalbar. Watanta takwas. Ita ma ta ce sai ta sauko daga sikeli."